Tukunyar Gwauro a Zafin Jimeta

Wata Lahadi ce a watan Afrilu, a shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Jimeta. Na kama ciki da falo a Karewa, iyali kuwa na bar su a gida sai yara sun yi hutu. Da hantsi na shiga Kasuwar Zamani na yi cefanen da nake ganin zai kai ni mako: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa da nama kilo guda. Na kai markaɗe, na dawo na ɗora babbar tukunya, ban sauke ba sai bayan La'asar. Da dare na cusa ta cikin firji yadda take, na kwanta ina ganin ni da maganar ciki sai wata Lahadin. Litinin na fita ƙarfe bakwai, ban dawo ba sai bayan Isha'i, ashe tun safe aka ɗauke wuta. Ranar Talata da na ɗaga murfi, miyar nan ta yi kumfa, warin tsami ya daki hancina. Kuɗin nama da kuɗin gas da yinin hutuna duk suka bi kwata.

Da na ba Inna labari a waya, dariya ta yi. Ta tuna mini shekarun da ta yi tana ciyar da gida guda ba firji, kuma ba ta taɓa zubar da miya ba. Bayan kwana huɗu wani direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Ƙullin kuka ne, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da garin yaji, da ƙuli-ƙuli. A lokacin na ɗauka tausayin uwa ne kawai. Sai da na yi watanni a garin na gane cewa abin da ke cikin ledar nan ya fi dacewa da rayuwata fiye da firjin da na saya da albashin wata guda.

Garin baƙi

Yola da Jimeta tagwaye ne da halinsu ya bambanta. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma har yau a can fadar Lamiɗo take, da manyan gidajen gado inda tukunya ɗaya ke ciyar da mutum ashirin. Jimeta kuwa a bakin kogin Binuwai ta bunƙasa, wajen da jiragen ruwan 'yan kasuwa ke tsayawa. Da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991, sai sakatariya da bankuna da manyan kasuwanni suka taru a cikinta. Aiki ke kawo mutum Jimeta, kuma sau da yawa aiki ba ya kawo shi da iyalinsa.

Duba waɗanda ke komawa ɗaki su kaɗai bayan faɗuwar rana. Akwai ma'aikaciyar jinya a Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wadda wannan mako take aikin dare, mako mai zuwa na safe. Akwai ma'aikacin banki da ba ya tashi sai lissafi ya daidaita. Akwai matashin malami a jami'ar da ke Girei ko a Jami'ar Amurka ta Najeriya, da masu yi wa ƙasa hidima da aka rarraba daga sansanin Damare. Tun 2014 da Boko Haram ta kama Mubi, mutane suka kwararo Yola gudun hijira, ma'aikatan agaji ma suka ƙaru a garin. Ga 'yan sanda da sojoji, ga direban Keke Napep, ga yaron shago da ya zo daga Kano ko Sakkwato. Wasu ba su yi aure ba. Wasu da aurensu, amma matar na Mubi ko Numan ko Ganye ko Gombe, sai ƙarshen wata ake ganin juna.

Girkinmu na gado ba a tsara shi don mutum ɗaya ba. Tuwo da miya, ko nyiiri da haako kamar yadda Fulanin nan ke cewa, aikin gida guda ne: wata ta yi surfe, yaro ya kai niƙa, wata ta tankaɗe, wata ta yi talge ta tuƙa. Ɗa namiji kuwa tun yana ƙarami ake korarsa daga madafa, in ya girma bai yi aure ba a mai da shi abin tsokana, har a Kano akwai Nalako da ke kamun gwauro da azumi. Sai ga shi ya tsinci kansa a ɗaki da tukunya, bai san ko ruwa ake fara zubawa ko mai ba. Mace ta san hanya, amma wadda ta yi awa goma sha biyu a tsaye ba ta da sauran ƙarfin tuƙa tuwo. Su biyun matsalarsu ɗaya ce: lokaci ya yi kaɗan, gari ya yi zafi, wuta ba ta da tabbas.

Shawarar da ta cika wayoyinmu ita ce a yi girkin mako ranar hutu, a rarraba a robobi, a jera a firiza. Shawara ce mai kyau ga wanda ke Landan, inda ba a ɗauke wuta. A nan kuwa mun ga shekarar 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, arewa maso gabas ta daɗe cikin duhu, sannan a watan Oktoba yawancin Arewa ta sake shiga irin wannan hali. Wanda ya jingina cikinsa da firiza a irin wannan yanayi, ya jingina da zana.

Abin da zafi ke yi wa tukunya

A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. Ɗakin da aka kulle tun safe, ga rufin kwano, cikinsa ma ba ya rasa kaiwa kusa da haka. Wannan kuwa shi ne yanayin da ƙwayoyin bakteriya suka fi so. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 suke hayayyafa, kuma sun fi sauri a kusa da ɗumin jikin mutum, wato digiri 37. In sun sami danshi da abinci, wasunsu kan rabu biyu duk minti ashirin. Yi lissafi ka gani: ƙwaya ɗaya tal, cikin awa bakwai, ta zama sama da miliyan biyu. Mai fita bakwai na safe ya dawo bakwai na yamma ya ba su awa goma sha biyu.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Ko dai a riƙe shi da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wa'adin zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya wuce digiri 32, wanda a Jimeta rana ce ta yau da kullum. Lamarin ba na wasa ba ne. Ƙiyasin da hukumar lafiyar ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma Afirka ce ta fi jin jiki, inda ake rasa kimanin mutum 137,000.

Kuskurena na ranar Lahadin nan biyu ne. Na bar miyar a ajiye a fili tun La'asar har dare, sannan na sa ta a firji cikin babbar tukunya. Babbar tukunya daga gefe take hucewa, tsakiyarta kan yi awoyi da ɗumi. Akwai wata bakteriya mai suna Clostridium perfringens da ke son irin wannan wuri, musamman miyar nama mai kauri. Tana da ƙwanso mai jure tafasa, da zarar miya ta fara hucewa sai ta farka ta shiga hayayyafa, wanda ya ci kuma ya kwana yana zarya bayi. Da na rarraba miyar a ƙananan kwanuka marasa zurfi, da ta huce da wuri. Ko da hakan, firji da aka ɗauke wa wuta ba ya riƙe sanyi fiye da kimanin awa huɗu, shi ma in ba a buɗe shi ba. Firiza cikakkiya kan kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya, a zafin nan kuma ƙasa da haka. Dalilin ke nan da masu dabara ke cike sauran gurbin firiza da robobin ruwa, ƙanƙarar ta riƙe sanyi in wuta ta tafi.

Ɗumame da iyakarsa

To, ta yaya iyayenmu mata suka yi? Dabararsu sananniya ce. Bayan an ci tuwon dare sai a mai da miya wuta ta tafasa sosai, a rufe, kada kowa ya sake sa ludayi. Da asuba a sake tafasa ta a ci da ɗumame. Tafasa na kashe ƙwayoyin da ke raye, murfi na hana sababbi shiga, dare ya fi rana sanyi, kuma tazarar ba ta wuce awa takwas. Ko wannan ma masana ba su ba shi cikakken tabbaci ba, amma ya fi barin miya haka nan nesa ba kusa ba.

Inda gwauro ke yin kuskure shi ne ya ɗauka abin da ya yiwu daga dare zuwa asuba zai yiwu daga safe zuwa dare. Tazarar ta fi tsawo, kuma ta faɗa a tsakiyar zafin rana. Sannan akwai abin da wuta ba ta gyarawa. Wasu ƙwayoyin kan saki guba a cikin abinci, gubar kuma ba ta mutuwa ko an sake tafasawa. Shinkafa ce kan gaba a wannan hatsari. Bakteriyar Bacillus cereus tana zuwa tun daga gona a jikin ɗanyar shinkafa, ƙwansonta ya tsallake dahuwa, in aka bar tukunya ta yini sai ta saki gubar da ke sa amai cikin rabin awa zuwa awa shida bayan ci. Abin takaici, irin wannan shinkafa ba lallai ta yi wari ko yauƙi ba. Hanci ba alƙali ba ne a nan. Mutane da yawa da suka kwana suna amai suka ɗora wa maleriya ko taifod, ragowar shinkafar jiya ce ta kayar da su.

Hukuncin dai mai sauƙi ne. Shinkafa da taliya a dafa daidai cin lokaci ɗaya. In za a tafi da abinci wurin aiki, a ɗauraye kula da tafasasshen ruwa, a zuba abincin yana tururi, a ci kafin Azahar ta wuce. In an buɗe an tarar ya koma ɗumi-ɗumi tun da daɗewa, asarar kwano ɗaya ta fi kuɗin ƙarin ruwa a asibiti sauƙi.

Rumbun mutum ɗaya

Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu ruwa, kuma yawancin masu cutarwa ba sa jure tsami. Kakanninmu ba su san sunan bakteriya ba, amma a kan waɗannan ginshiƙai biyu suka gina madafarsu. Kuka, kuɓewa, karkashi, zogale, yakuwa, kauɗar tumatir, bandar kifi, kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, duk rana ko wuta ce ta zuƙe ruwan jikinsu. Nono da kindirmo kuwa wasu ƙwayoyi ne masu amfani ke mai da sukarin madara ya zama tsami, tsamin ya hana miyagun ƙwayoyi sakat. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke da waɗannan a kwandonsa, ɗaukewar wuta ba ta taɓa abincinsa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne saurinsu. Busasshen kaya an riga an yi masa rabin aiki. Miyar kuka ta mutum ɗaya ba ta cin minti ashirin: ruwa kofi biyu, daddawa, albasa, ɗan yaji, bandar kifi da aka wanke da ruwan zafi, in ya tafasa a kaɗa kuka cokali biyu. Kafin ta nuna, an tuƙa ɗan tuwon garin masara ko na semo a ɗaya tukunyar. Ɗanwake ma haka, in garin na nan a haɗe. Kwaɗon zogale da ƙuli ba ya buƙatar komai sai a tafasa ganyen a tsane. Kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa suka ƙware a kansa, yana riƙe ciki tun safe har Azahar, kuma in akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba, minti goma sha biyar ya isa. Duk wannan bai kai lokacin da mutum ke ɓatawa a bencin mai shayi yana jiran layi ya zo kansa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar hutu ta shiri ce, wato a yi ayyukan da ke cin lokaci amma ba sa lalacewa. A daka yaji, a tsince wake, a gyara kifi a cire ƙaya, a tankaɗe gari, a haɗa garin ɗanwake, a zuba kowanne a roba mai murfi. In an sayi nama, a soya shi ƙarau ko a yi dambu. Markaɗen kayan miya a dafa shi har ruwansa ya ƙone, a soya har mai ya taso, a yi kaɗan, kuma a nema masa sanyi ko da ƙanƙarar saye ce a cikin kula. Ɗanyen kaya kuwa a bar shi sai ranar da za a ci. Albarkacin noman rani na tafkin Geriyo, ganye ba ya yanke wa Jimeta, ga kifin Binuwai, ga mangwaro da bazara. Ƙullin alayyafo ɗaya da aka saya a hanyar dawowa ya fi kwandon da zai ruɓe a ƙarƙashin gado. Hukumar Lafiya ta Duniya na son mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, abincin titi kuwa da wuya ya kai mutum ko kusa.

Wake shi ne naman talaka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshensa sinadarin gina jiki ne, kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi. Matsalarsa cin wuta. A jiƙa shi da dare, a zubar da ruwan da safe, dahuwarsa za ta ragu sosai, kumburin ciki ma ya ragu. Kanwa na sa shi saurin laushi amma tana lalata wasu bitamin, don haka a sassauta mata. Tukunyar nan mai kulle tururi, wadda ruwa ke kaiwa kusan digiri 120 a cikinta, tana rage lokacin fiye da rabi. Tana da tsada a saye, amma gas ɗin da take ragewa yana biyan kuɗinta.

Busasshen kaya ma da nasa sharrin. Da damina danshi kan sa gyaɗa da masara su yi funfuna, funfunar ta haifar da gubar afulatoksin mai illa ga hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. Duk abin da ya canza launi ko yake ɗaci a zubar. Wasu 'yan kasuwa kuma na zuba wa wake da kifi maganin ƙwari don kada su yi tsutsa. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A shinshina kafin a saya, a wanke sosai, kuma a riƙe mai sayarwa guda da aka yarda da shi. Nono ma a kula da ruwan da aka sirka shi da shi, domin a watan Satumban 2024 kwalara ta ɓarke a Yola da kewaye bayan ambaliya.

Bencin mai shayi

Ba wanda zai ce a daina cin abincin waje. Mai ƙosai da mai masa da mai shinkafa da wake su ne uwar marasa uwa a gari, kuma da yawansu da wannan sana'a suke riƙe marayu. Abin dubawa shi ne abin da ya zama na kullum. Ga ma'aikaci da yawa, yini na tafiya ne haka: ba karin kumallo, da rana lemon kwalba da biskit, da dare Indomie biyu da ƙwai a wajen mai shayi, a kora da shayi mai madara da sukari cokali huɗu. Ba banza ba Najeriya ta zama kan gaba a Afirka wajen cin irin wannan taliya.

Illar da ta fi ɓoyuwa ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙullin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliya ɗaya yana cinye kaso mai tsoka na wannan awo, balle biyu, balle a ƙara dunƙule, wanda shi ma kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Gishiri in ya yi yawa yana riƙe ruwa a jini, hawan jini ya biyo baya, shi kuwa ba ya sallama. Mai dogon aiki kuma dama yana kan siraɗi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako na ƙara hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka rasu ta wannan hanya a 2016. Mai fita bakwai ya dawo bakwai, kwana biyar kawai, ya yi awa 60 a waje.

Awoyin aiki ba a hannunsa suke ba, amma cokalin gishiri yana hannunsa in shi ke girki. Daddawa na ba miya irin armashin da ake nema a dunƙule. Ko taliyar ledar ce, in aka sa rabin ƙullin ɗanɗanon, aka watsa zogale da albasa da ƙwai, ta zama wani abu dabam. Ba sai an yi girki kullum ba. Dare uku ko huɗu a mako ma canji ne da jiki zai shaida.

Wuta da aljihu

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta, lissafin kowa ya rikice. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, kuma cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya wuce naira 15,000 a wurare da dama, a shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, risho ya koma ƙarƙashin gado. Da yawa sun koma gawayi.

Ga mai zama shi kaɗai, hatsarin wuta ya ninka, domin ba mai tashinsa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka gajiyar aiki ce, ya kwanta. Kurfoti da janareto wurinsu waje ne, ko da hunturu. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Wanda ya buɗe ƙofa ya ji warinsa, kada ya taɓa makunnin fitila, kada ya ƙyasta ashana, ya rufe kan tukunyar ya buɗe ƙofa da taga. Kumfar sabulu a kan tiyo tana nuna inda yake yoyo. Sannan akwai barci. Wanda ya ɗora wake ya ce bari ya ɗan miƙe a katifa, shi ne maƙwabta ke fasa wa ƙofa. Wannan ma wani dalili ne na zaɓen girkin da ba ya wuce rabin awa a daren aiki.

Ta fuskar kuɗi, mutum ɗaya na da wata asara ta musamman. In ya sayi kaɗan-kaɗan, awon gwangwani ya fi na mudu tsada. In ya sayi da yawa, ya lalace. Busasshen kaya ya warware wannan, tunda ana iya sayen mudu da kaka lokacin araha a ajiye. Sauran kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu yi wa ƙasa hidima sun daɗe da gane haka, suna karo-karo a masaukinsu, yau wannan ya dafa, gobe wancan. Mu ma muna da ciyayya tun kaka da kakanni, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida a ci tare. A gidan haya mai ɗaki shida, in uku suka haɗa kai, kowa sau biyu zai yi girki a mako, tukunya ta ƙare a daren da aka dafa ta, ba ragowar da za ta yini a zafi. Sannan abinci ya fi shiga in da abokin hira. Mutum shi kaɗai, a tsaye yake ci, ido na kan waya.

Namijin da ke jin kunyar a gan shi da muciya kuwa, ya tuna Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi wa iyalinsa hidima a cikin gida. Ya kuma duba masu shayi da masu tsire da masu dafa abincin manyan otal, kusan duk maza ne. Iyaye mata ma da nasu: yaron da ake kora daga madafa yau, gobe takardar aiki za ta jefa shi garin da ba shi da kowa.

Iyalina sun iso bayan wata takwas. Ranar da maiɗakina ta shiga madafar, ta tsaya tana kallon robobin da na jera, ta buɗe ta kuka ta shinshina, ta tambaye ni wa ke zuwa yi mini girki. Na nuna mata ƙaramar tukunyar da gindinta ya yi baƙi. Babbar kuwa, wadda na yi miyar mako a cikinta, tana saman firji a kife, ƙura ta rufe ta. A daren ita aka sauko da ita, domin yanzu akwai bakin da zai cinye abin da ke ciki kafin gari ya waye.